Sunanta Ikhlas

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Ɗan'azumi. Limamanmu da malamanmu da suka ɗage karatun la'asar suka zauna a wannan rumfa. Dattawan unguwa da shugabannin 'yan kasuwa. Iyayena mata da ke zaune can hannun hagu, waɗanda da yawansu sun goya ni ina ƙarama. Ƙannena matasa da ke tsaye a baya, har da masu bensikin da suka jingine baburansu a bakin titi suka bar fasinja domin su saurara. Maƙwabtanmu waɗanda ba Hausa ake yi a gidajensu ba, amma suka zo saboda sun ɗauki 'yar maƙwabci tasu ce. Jama'ar New Bell maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar ƙanƙan da kai.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu. Ina godiya ga Alhaji da ya buɗe mana harabar nan ba tare da ya tambayi takardar izini ba, ina kuma godiya gare ku da kuka fito alhali hadari yana haɗuwa, kowa kuma ya san ruwan Douala ba ya sallama kafin ya shigo.

Ga wanda bai gane ni ba a cikin wannan kaki, ni ce Sharifa, 'yar marigayi Malam Jibirilla mai gyaran agogo, wanda ya yi shekara talatin a rumfar da ke bayan masallacin nan. A lungun nan aka binne cibiyata. Yau sufeto ce ni a aikin 'yan sanda, kuma ni aka ɗora wa binciken da ya tara mu. Na san akwai iyayen da har gobe ba su yafe wa babana ba da ya bar 'ya mace ta sa wando da hula. Ku ajiye mini wannan faɗan, in komai ya lafa zan zo har gida ku ƙarasa shi.

Yarinya ce ta ɓace. Sunanta Ikhlas, shekararta biyar. Ubanta Munzali ne, wanda yake aikin ofis a Bonapriso, uwarta Larai, kakarta kuma Hajiya Hafiza ta layin masu ɗinki. Wankan tarwaɗa ce, tana da ɗan tabo a haɓa, an yi mata kitson shuku, ta fita da rigar makaranta shuɗiya da jan takalmin roba. Yau Alhamis, kwana biyu ke nan tabarmarta tana naɗe.

Abu na farko, zan faɗa muku abin da muka sani, domin jita-jita ta yi yawa, kuma jita-jitar tana cin lokacinmu. Ranar Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, wata mata mai shuɗin mayafi, mai kimanin shekara arba'in da biyar, ta je makarantar ƙananan yaran da Ikhlas take. Da Hausa ta yi sallama. Ta ce wa malamar ajin, "Ni goggon Ikhlas ce. Ƙafar Hajiya Hafiza ta tashi, an kai ta asibiti, aka ce in ɗauko yarinyar." Malamar ta san Hajiya tana fama da ƙafa, ta ga yarinyar ta miƙa hannu ba gardama, sai ta sallame su. Kafin wani ya ɗaga murya a kan malamar nan, ya tambayi kansa ko shi da zai hana. Mu ne fa muka saba wa kowa da cewa a wurinmu duk wadda ta ce ita goggo ce, goggo ce.

Suka hau bensikin a bakin makarantar. An sauke su a unguwar PK 14, kan hanyar Yaoundé. Kyamarar wani kanti a can ta ɗauke su da ƙarfe ɗaya saura kwata, matar tana sayen ruwan leda, yarinyar tana riƙe da gefen zaninta, ba ta kuka. Mayafin ya rufe rabin fuskar matar. Daga nan sawu ya ɓace mana. Mun ba shingayen hanya hoton Ikhlas, mun ba jandarmomi, mun bi tashoshin manyan motoci ɗaya bayan ɗaya muna duba littafin fasinja, abokan aikina biyu kuma tun jiya suna PK 14 suna shiga gida gida. Ban ce muku sace ta aka yi ba, ban kuma ce ba sace ta aka yi ba. Abin da na sani shi ne an ɗauki yarinya da ƙarya, kuma har sai na gan ta da idona, aikina zan yi kamar ranta yana cikin haɗari.

Abu na biyu shi ne mafi nauyi a bakina, kuma na nemi izinin Hajiya Hafiza da na Larai kafin in faɗe shi a gaban jama'a. Ƙarfe ɗaya na rana yaran maƙwabta suka dawo daga makaranta ba Ikhlas. Ƙarfe bakwai na yamma labari ya iso ofishinmu. Awa shida. A cikin awa shida mota tana kai mutum Yaoundé har ya ci abinci ya canja wata motar. Ina awa shidan nan suka tafi?

Ikhlas 'yar fari ce. Ku iyayena kun riga kun gane sauran zancen. Larai ta ga yara sun dawo ba 'yarta, ta so ta tambaya, amma tana zaune a gidan surukarta, kuma an tarbiyyantar da ita, kamar yadda aka tarbiyyantar da uwarta da kakarta, cewa mace mai kunya ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna ɗokinta, ba ta cigiyarta a gaban manya. Sai ta bi ta gefe. Ta ce, "Hajiya, ashe har yaran gidan Malam sun dawo." Hajiya ta ce, "Sun dawo kuwa." Hajiya ta dubi Larai ta ga tana tsince shinkafa hankali kwance, ta ce a ranta, tunda uwar ba ta damu ba, ta san inda yarinyar take. Larai ta dubi Hajiya ta ga tana jan carbi, ta ce a ranta, tunda mai 'ya ba ta damu ba, ita ta aike ta wani wuri. Mata biyu masu son yarinya ɗaya kamar ransu, a tsakar gida ɗaya, kowace tana jiran ɗayar ta fara magana, har aka kira la'asar, har rana ta sunkuya. Sai da Munzali ya dawo daga aiki ƙarfe biyar ya ce, "Ina Ikhlas?" sannan aka ji sunan yarinyar a gidan.

Kada wanda ya fita daga nan ya ce Sharifa ta zagi kunya. Ni ma 'yar fari ce. Uwata, Allah ya jiƙanta, ba ta kirana sai da "ke", in kuma tana ba da labarina ta ce "waccan". Ina shekara bakwai, a wani ruwan watan Agusta irin wanda yake mai da lungunanmu kogi, santsi ya kwashe ni na faɗa babbar kwatar da ke bayan kasuwa, ruwa ya fara tafiya da ni. Matar nan da ba ta taɓa ɗaga murya ba ta fito kai ba ɗankwali, ta tsaya tsakiyar titi ta ƙwala "Sharifa!" da ƙarfin da ya sa mahauta suka jefar da wuƙaƙe suka tsamo ni. Bayan kwana biyu na ce mata, "Inna, ashe kin san sunana?" Ta ce, "Ke, tashi ki ba ni wuri." Har ta koma ga Allah ba ta sake kiransa ba, ni kuma ban taɓa shakkar son da take yi mini ba. Na san darajar kunya, a cikinta na girma. Amma da uwata ta tsaya kunya a ranar nan, da yau wani ne yake tsaye a nan yana yi muku jawabi.

To, bayan an farga, me muka yi? Mun yi abin da muka saba. Aka yi cigiya a lasifikar masallaci, wannan kuwa daidai ne. Aka aika gidajen dangi, wannan ma daidai ne. Amma a cikin mutum fiye da ɗari da suka cika layin masu ɗinki da yammar nan, kowa da waya a aljihu, ba wanda ya ce a gaya wa hukuma. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "A bari mu gama namu tukuna, kada a tara mana 'yan sanda a unguwa." Baba, kana nan, na gan ka, ba zan kama suna ba. Namun da aka tsaya gamawa ya ci awa biyu.

Sannan ga abin da ya fi ƙona mini rai. Wani ya ce ya ga yarinyar a kan babur ɗin Idirisu, mai bensikin ɗin nan ɗan arewa da ke tsayawa a mararrabar makaranta. Idirisu yana jin ana cigiya ya juyo da kansa, ba wanda ya kira shi, domin ya faɗi inda ya sauke su. Bai gama kashe babur ba aka rufe shi da duka. Mutum ɗaya tak a duk Douala da ya san hanyar da aka bi da Ikhlas, shi kuka karya wa muƙamuƙi! Sai jiya da hantsi ya farfaɗo sosai a asibiti, bakinsa ɗaure, na ba shi takarda da biro ya rubuta mini "PK 14". Da kun bar shi ya yi magana ranar Talata, da mun isa can da awa goma sha biyar kafin lokacin da muka isa. Ƙannena na baya, ku dube ni. Na san zafin zuciya ne, na san son yarinyar ne, amma dukan nan bai dawo da ita ba, nisa ya ƙara mata. Maganar Idirisu ba ta mutu ba, za mu dawo kanta, kuma waɗanda suka ɗaga masa hannu sun san kansu. Kafin nan, ku je ku gaishe shi, ku nemi gafararsa.

Ba zan wanke namu, 'yan sanda, ba. Da aka kawo Larai ofis, abokin aikina da ke kan tebur, wanda ba Bahaushe ba ne, ya ɗauki biro ya ce, "Madame, le nom de l'enfant?" Sunan yarinyar yake tambaya. Larai ta sunkuyar da kai, ga surukarta a gefe. Ya sake tambaya, ta dubi mijinta don ya amsa. Sai ya kira ni gefe, ni da nake gaba da shi, ya ce, "Shef, matar nan ba ta kuka, ba ta ma son faɗin sunan 'yarta. Ni ita nake zargi." Har ya fara rubuta hakan. Rabin awa muka ɓata ina yi masa bayanin abin da kowace yarinya a rumfar nan ta sani. Mu ba mu san ku ba, ku kuna tsoronmu, Ikhlas ce take biyan wannan. Na gaya wa shugaban ofishinmu haka ido da ido, kuma ya yarda daga yau duk maganar yaro da ta fito daga unguwar nan, ko da wane lokaci ne, a kira ni ko wani mai jin Hausa nan take.

Abu na uku, shi ne abin da ya kawo ni. Matar nan ba baƙuwa ba ce. Ta san sunan yarinyar, ta san sunan kakarta, ta san ciwon ƙafar Hajiya, ta san ƙarfe nawa ake tashi. Ikhlas kuma, wadda aka ce mini ko mai sayar da alewa ba ta yarda ya taɓa ta, ta ba ta hannu. Wanda ya san wannan duka ya taɓa zama a tabarmar gidan, ko ya zauna da wanda ya zauna.

Jiya ina zaune da Hajiya Hafiza sai ta tuna wani abu. Ta ce ranar sunan Ikhlas, shekara biyar da suka wuce, gida cike da mata, ana ta guɗa ana rabon tuwo, wata daga cikin baƙin da suka zo daga nesa ta ɗauki jaririyar ta ce, "Wannan tawa ce, in an yaye ta zan zo in ɗauka." Wata tsohuwa kuma ta amsa, "An ba ki." Kun san maganar, ana yin ta kusan a kowane suna, musamman kan 'yar fari, a yi dariya a wuce. Hajiya ta yi ta ƙoƙari ta tuna fuskar, ta kasa. Larai tana ɗaki a lulluɓe a ranar, ba ta ga kowa ba. To, iyayena, wataƙila wasa ne aka yi aka manta. Wataƙila kuma akwai wadda ba ta ɗauke shi wasa ba, ta riƙe shi shekara biyar a zuciya, ta ga an hana ta abin da aka yi mata alkawari a gaban shaidu, ta zo ta ɗauka da kanta. Ban tabbatar ba. Amma ita ce igiya ɗaya da ke hannuna, kuma ƙarshenta yana cikin wannan rumfa.

Saboda haka ba maza nake roƙo yanzu ba, ku nake roƙo. Wadda ta tuƙa tuwon sunan nan, wadda ta yi wa mai jego lalle, wadda ta raka baƙi tasha, wadda baƙuwa ta kwana a ɗakinta, ku koma shekara biyar baya ku duba mini fuskokin nan. Wace ce ta ce "wannan tawa ce"? Daga wane gari ta zo? Gidan wa ta sauka?

Na san abin da yake riƙe bakin mutane, don ni ma a nan na tashi. Wata tana tsoron a ce ta tona asirin 'yar'uwa. Wani yana tsoron ya shiga kwamisariya, ofishinmu na 'yan sanda, a matsayin shaida a tambaye shi katinsa na ɗan ƙasa, alhali katin ya ƙare, ko kuwa kakansa ne ya zo daga Kano ko Zariya kuma har yau takardun gidan ba su daidaita ba. Ku saurare ni da kyau, a gaban limamai nake faɗa. A kan maganar Ikhlas ba zan tambayi katin kowa ba, ba wanda zai tambaya a ƙarƙashina, kuma shugabana ya ba ni kalmarsa. Wanda ba ya son taka ofis, ni zan zo zaurensa, in ya so in cire kakin in sa atamfa. Lambar wayata tana rubuce a allon can da alli, manya manya. Ita kuma matar, in saƙona zai kai gare ta ta bakin wani, a gaya mata: in riƙo ne ya sa ta, ta dawo da yarinya lafiya, ta miƙa ta ga kowane limami ko kowane ofishin hukuma da ke kusa da ita. Abin da zai biyo baya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba in ita ta kawo ta, a kan in ni na je na same ta. Kuma zan same ta, da yardar Allah. Ban ajiye wannan aikin ba, ba zan ajiye shi ba, ko zai kai ni iyakar ƙasar nan.

Daga yau kuma ina roƙon mu ɗaure wa kanmu abu guda. Yaro ya wuce lokacin dawowarsa da rabin awa, a tambaya da babbar murya, ko ɗan fari ne ko ɗan auta, ko a gaban suruka ko a gaban sarki. A yi cigiya a masallaci da hannun dama, a kira mu da hannun hagu, lokaci guda. In yaron ya fito daga bayan buhun gawayi yana dariya, wallahi ba za mu ji haushi ba, mu ma za mu yi dariyar mu koma. Makarantu kuma su rubuta sunan wanda zai ɗauki kowane yaro, goggon da ba ta cikin takarda ta yi haƙuri ta jira a kira gida.

Zan rufe da abin da ya faru yau da safe. Mun so mu naɗi murya a waya, wadda za a riƙa sakawa a tashoshin mota da gidajen rediyo, domin yarinya ƙarama ba ta karanta takarda, amma tana juyowa in ta ji muryar gida. Na ce Munzali ya yi. Sai Hajiya Hafiza ta ce a'a. Ta dogara sandarta ta tashi, da ƙafar nan tata, ta je ta kama hannun surukarta ta ce, "Larai, ni na koya miki shirun nan, ni kuma na ɗauke miki shi. Kira ta." Larai ta karɓi wayar. Sannan ta buɗe baki, a gaban surukarta, a gaban mijinta, a gaban 'yan sanda uku, ta ce, "Ikhlas. Ikhlas, ni ce. Ikhlas, ki ce wa mutane a kawo ki gida." Shekara goma sha takwas ina aikin nan, na ga abubuwa da yawa ban yi hawaye ba, amma yau sai da na fita waje.

Yarinyar nan ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Ina so ta ji shi, kuma ba a lasifikar tasha kaɗai ba, a tsakar gidansu. In Larai ta iya sauke abin da ta ɗauka tun tana budurwa, to wadda ta tuna fuskar baƙuwar nan za ta iya ɗaga hannu.

Alhaji, a gafarce ni. Na ga hannu can cikin iyayena, kusa da ginshiƙi. Inna, na gan ki. Kada ki tashi, kada ki faɗi komai a nan, ni zan zo inda kike. Ku ba ta wuri, don Allah, kada a taru a kanta.

Addu'ata za ta zama gajera, don aiki ya kira. Allah ya tsare Ikhlas a duk inda take, ya sanya tausayinta a zuciyar wanda take hannunsa, ya dawo da ita ɗakin uwarta lafiya. Allah ya ba Idirisu sauƙi, ya ba Larai da Munzali da Hajiya ƙarfin zuciya. Allah ya tsare 'ya'yan New Bell da na maƙwabtanta, ya ba mu bakin magana a lokacin da magana take da amfani, ya mai da kowa gidansa lafiya kafin ruwan nan ya sauko.

Wassalamu alaikum. Na gode.